Rabin Sawu a Kan Lifta

Da hantsi aka ji ihun. Sista Saratu ta fito daga ɗakin wata mai jego a hawa na uku, ta danna maɓallin lifta, ta jingina kafaɗarta da ƙofar tana jira kamar yadda ta saba in gajiya ta kama ta. Sai ƙofar ta zame gefe. Babu komai a bayanta sai rami. Ta faɗa, ta dira a kan rufin liftar da ke tsaye can ƙasa a hawa na ɗaya. Allah ya yi da sauran kwananta, amma ƙafarta ta karye wuri biyu, ƙugunta ya goce. Da ƙyar aka ciro ta, aka wuce da ita asibitin koyarwa.

Asibitin da abin ya faru na marigayi Dakta Mukhtar ne, a Tarauni. Ya gina shi tun lokacin da ake noma gero a bayan katangarsa, kuma liftar nan ita ce abin alfaharin unguwar. Mutane kan zo dubiya ba don suna da majinyaci ba, sai don su hau. Yanzu matarsa, Hajiya Bilkisu, ke riƙe da wurin.

Kafin azahar, Injiniya Asma'u, wadda kamfaninsu ke kula da liftar, ta duba ta ce wannan ba lalacewa ba ce. Hannun mutum ne. An ɗaure abin da ke kulle ƙofar da waya, kuma ba wanda zai kai wurin sai da wani makulli na musamman. Makullin guda biyu ne. Ɗaya yana jakarta. Ɗayan yana rataye a wuyan Baffa Sulaiman.

Nan take kowa ya juya ya kalli bencin da ke kusa da liftar.

Baffa ya tsufa a cikin liftar nan. Shi ke jan ƙofarta ta raga da hannu tun zamanin Dakta. Da aka sa sababbin ƙofofi masu buɗe kansu, sai aka sallame shi da mutunci, amma bai daina zuwa ba. Kullum da safe yana kan bencin da carbinsa. Mai gadi ya ce ya sha jin tsohon yana cewa ƙarfe ba ya sanin mutum. Wata mai shara ta ce ai dama zuciyarsa ba ta huce ba. Yayyen Saratu suka iso daga Hotoro idanunsu jajir, suna cewa in ba a kira 'yan sanda ba su za su ɗauke shi da kansu.

Baffa ya ci gaba da jan carbinsa.

*

Hajiya ta roƙi yayyen Saratu su ba ta zuwa la'asar, sannan ta tura direban asibitin, Murtala, Gyadi-Gyadi ya ɗauko Malam Audu Mai Sawu.

Malam Audu mutumin ƙasar Rano ne. A ƙuruciyarsa, in an kore shanu daga ruga shi ake kira, ya bi sawu ta fadama da kan dutse har inda aka ɓoye su. Da ƙarfinsa ya ragu ɗansa ya dawo da shi birni. Sahu ɗaya suke sallah da Baffa a masallacin layinsu.

A mota ya dubi titi ya girgiza kai.

"Ka ga garin nan, Murtala? Kwalta da siminti da tayil. Mutum zai wuni yana yawo, ƙasa ba ta san ya wuce ba. A garinmu, da safe in raɓa ta sauka, ko kaza ce ta gitta sai ƙasa ta gaya maka inda ta nufa."

Hajiya ta tarye shi a ƙofar ofis.

"Malam, ban san ko akwai abin da za ka gani a nan ba. Ba daji ba ne. Amma Baffan nan shi ya riƙe wa maigidana ƙofa ranar da aka fito da gawarsa. Ba zan miƙa shi ba sai na tabbatar."

"Ni ma ban san lifta ba, Hajiya. A haɗa ni da wanda ya san ta."

*

Asma'u ta hau da shi ta matakala har hawa na uku. Ta riga ta kashe wutar liftar, ta tsayar da ita yadda rufinta ya zo daidai da daɓen. Ta tura ƙofar da yatsa biyu, ta zame.

"Kin ga, 'yata, fara daga farko. Yi mini kamar ban taɓa ganin ƙofa ba."

"To Baba, ƙofa biyu ce, ba ɗaya ba. Ta ciki tana jikin ɗakin da mutane ke shiga, da ita yake hawa da sauka. Ta waje kuwa kowane hawa da tasa, kuma ba ta da inji, ba ta iya buɗe kanta." Ta haska fitilar wayarta sama. "Ka ga ƙugiyar can? Ita ke kulle ta. In ɗakin ya iso, ƙofar ciki tana da wani ƙarfe kamar hannu. Shi zai kama ƙananan tayoyin nan, ya ɗaga ƙugiyar, ya ja ƙofar waje su buɗe tare. In ɗakin ba ya nan, ko ƙarti goma ne suka jingina ba za ta motsa ba."

"In kuma wani ya ɗaga ƙugiyar da makulli fa?"

"Wuta tana bi ta cikinta. Da an ɗaga, wuta ta yanke, lifta ta tsaya cak duk inda take, ba za ta ƙara motsi ba sai an rufe. Shi ya sa wanda ya yi wannan ya yi abu biyu. Ya ɗaure ƙugiyar sama don kada ta kama, sannan ya haɗa wutar da guntuwar waya, liftar ta ɗauka ƙofar a kulle take."

"Ya yi mata ƙarya ke nan."

"Ya yi mata ƙarya, Baba."

"A ina ya tsaya ya yi aikin?"

"Inda muke tsayawa. Ka tura ta ƙasa babu kowa, in ta ɗan sauka ka murɗa makulli, sai ta tsaya rufinta kusa da ƙafarka. Ka taka kai."

Malam Audu ya cire takalmansa, ya durƙusa a bakin ƙofar, ya karɓi wayar ya kwantar da haskenta a gicciye. Ƙurar shekaru ta kwanta a rufin, mai laushi, ta cakuɗa da maiƙo. Ya daɗe bai ga ƙasa mai riƙe magana kamar wannan ba.

Tsakiyar duk ta dagule, inda Saratu ta faɗi da inda masu ceto suka tattaka. Ya nuna wani sawu mai zane-zane.

"Wannan naki ne."

Ta ɗaga takalminta ta duba, ta yi murmushi.

Can bakin rufin, daidai ƙarƙashin ƙugiyar, bayan wani ƙarfe da ya kare wurin daga masu ceto, ya tsaya. Ya daɗe yana kallo. Sawu biyu ne, amma kowanne rabi, gaban takalmi kawai babu diddige. Ya yafito Asma'u ita ma ta duba. Ya miƙe, ya ɗora sandarsa daga rufin zuwa ƙugiyar, ya ƙara da kamu, ya riƙe awon a ransa.

Zai fito sai wani abu ya yi ƙyalli a cikin siririn kwarin da ƙofar ke gudu a kai. Ya zaro shi da tsinke. Kan 'yar kwalbar allura ne, irin wanda ake ɓallewa.

*

Ya fara da Murtala, don mai gadi ya raɗa masa cewa sun yi cacar baki da Saratu shekaranjiya, kuma ga baƙin mai a hannun rigarsa.

"Mun yi, Baba, ba zan ɓoye ba. Ta ce na bar mai naƙuda tana jira na tafi cin abinci, ni kuma na ce ba ita ta ɗauke ni aiki ba. Man nan kuwa ɗazu ne. Ni na sauka da igiya na ɗago ta." Ya dubi hannun rigarsa. "Tana ta cewa in gaya wa Innarta. Wallahi da na san haka ne da ban tanka mata ba."

Malam Audu ya dubi ƙafafunsa, manya, shimfiɗaɗɗu a ƙasa, ya ce ya je.

Sai Sista Husaina, babbar nas, gajeriyar mace mai saurin magana. Ta juya guntun kwalbar a tafin hannunta.

"Allurar kashe ciwo ce, mai ƙarfi. Ba a ba kowa. Ni ke sa hannu kafin a fitar." Ta ɗago da sauri. "Malam, kada ka ce ni kake zargi."

"Ban ce ba. Wa ke ajiye ta?"

"Ƙasimu, a sito. Amma Ƙasimu ɗan gida ne."

Sito yana ƙarshen hawa na uku. Ƙasimu na zaune bayan kanta, mutum mai fara'a, ɗan shekara talatin da wani abu. Ya gaida Malam Audu cikin ladabi, ya tura masa kujera ba tare da ya zagayo ba. Fanka na kaɗawa amma goshinsa na naso.

"Baba, duk wanda ya ce Baffa ne, Allah ya isa. Ni a hannunsa na tashi. Mahaifiyata wanki take yi a asibitin nan, a lifta nake wuni. Ranar Sallah yaran Tarauni layi suke yi, Baffa ya ɗebe mu biyar-biyar ya kai mu sama, mu leƙa ta taga mu hango har Gyadi-Gyadi. Da ta rasu Dakta ya sa ni a makaranta."

"Wannan fa?"

Ƙasimu ya kalli guntun kwalbar.

"Nas-nas suna yar da su ko'ina. Tsintsiya ce ta kai shi."

"Haka ne," in ji Malam Audu. "Tsintsiya takan kai abu."

*

Ya sami Baffa a ƙaramin masallacin asibitin, ya idar da azahar yana zaune shi kaɗai, dogayen ƙafafunsa a miƙe saboda ciwon gwiwa.

"Malam Sule, an ce kana jin haushin sababbin ƙofofin nan."

Baffa ya yi ɗan murmushi.

"Da fari na ji. Ka san a da ni ne idon liftar nan. In mayafin mace ya saƙale ni ke gani. In yaro ya zura hannu ni ke riƙe ƙofa. Yanzu wai akwai wani haske da ido ba ya gani a tsakanin ƙofofin, ko yatsa ya gitta sai su koma. Na zauna na zuba musu ido, ina jiran ranar da za su matse wani in ce ai na faɗa. Ba su taɓa ba. Audu, ni nakan yi gyangyaɗi. Su ba sa yi."

"To me kake zuwa yi kullum?"

"Ina zan je? Rabin mutanen da ke shigowa nan, ni na sauko da su a zanen goyo."

Malam Audu ya nuna igiyar wuyansa.

"Makullin nan ya taɓa barin wuyanka a 'yan kwanakin nan?"

Baffa ya ja carbi ɗaya, ya ja na biyu.

"Ranar da aka kafa liftar Dakta ya rataya mini shi. Ya ce, Sule, wannan na ranar tsautsayi ne, in wani ya maƙale a ciki."

"Ba ka yi mini ƙarya ba, amma ba ka amsa ba."

"Ni tsoho ne. In sun kai ni, kwana nawa ya rage mini?"

Malam Audu ya tashi, ya miƙa hannu.

"Ara mini shi zuwa la'asar."

*

A bayan asibitin akwai tsohuwar darbejiya da Dakta ya dasa da hannunsa. An yi ruwa da asuba, ƙasar gindinta na da danshi. Malam Audu ya karɓi tsintsiyar kwakwa ya share wurin da kansa har ya yi sumul, ya auna da sandarsa a jikin wani reshe, ya rataye makullin.

Bayan la'asar aka taru. Hajiya a kujera, yayyen Saratu a tsaye sun harɗe hannu, Asma'u a gefe.

"Ba rantsuwa zan sa ku ba," in ji Malam Audu. "Kowa ya je ya ciro makullin can, ya mayar, ya dawo."

Mai gadi ya fara. Murtala ya bi. Bayan kowanne Malam Audu yakan durƙusa ya duba, ya share. Baffa ya je yana jan gwiwa, ya miƙa hannu ya ciro ba tare da diddigensa ya bar ƙasa ba. Sista Husaina ta yi ɗage iya ƙarfinta, yatsunta suka taɓa igiyar da ƙyar, ta dawo tana mita. Malam Audu ya duba nata da kyau, ya share.

Saura Ƙasimu. Ya tsaya jim, sannan ya taka. Ya miƙa hannu bai kai ba. Ya yi ɗage, ya ciro.

Malam Audu ya durƙusa, ya daɗe, sannan ya kira Asma'u.

"'Yata, kin ga abin da na gani a sama. Duba nan."

Ta sunkuya. Ta ɗago a hankali.

"Shi ne, Baba. Na hagun ya karkace waje."

"Wanda ya ɗaure ƙugiyar sai da ya yi ɗage," in ji Malam Audu ga jama'a. "Malam Sule ba ya bukata, gwiwarsa ma ba za ta yarda ba. Sista Husaina ta yi, amma ƙafafunta a miƙe suke. Wancan sawun, na dama ya dafa sosai, na hagu ya juya waje, gefensa kawai ya taɓa, kamar mai tsoron ɗora masa nauyi. A tafiya ba a gane shi, ya koyi ɓoyewa. Sai in ya yi ɗage." Ya juya. "Ƙasimu, yaushe ka karya ƙafar?"

Hajiya ce ta amsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Shekara uku ke nan. Babur ya kaɗe shi a Darmanawa. Nan muka yi jinyarsa."

Ƙasimu ya zame ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar, makullin a hannunsa.

"Ƙafar ta warke, Hajiya, allurar ce ba ta sake ni ba. In ban yi ba sai in ji kamar ana sara ƙashina. Da Sista Husaina ta fara bincika sito da jakunkunanmu, na rasa inda zan ɓoye. Na ce wa Baffa makullan sito sun faɗa rami, ya ara mini. Sau ɗaya zai ba ni, na sani, shi ya sa na ɗaure ƙugiyar. Na rataye jakar a ƙusa daga ciki, in na so sai in tura ƙofar in miƙa hannu. Ƙofar tana komawa ta rufe da kanta, ba mai ganewa. Na ce ba mai jingina da ƙofar lifta. Wallahi ban nufi Saratu ba. Ban nufi kowa ba."

Babban yayan Saratu ya yunƙuro, Murtala ya riƙe shi.

"Hawan masu jego ne," in ji Asma'u. "Yara suna wasa a barandar nan in an zo barka."

Ƙasimu ya rufe fuskarsa. Baffa ya tako ya tsaya a kansa, kamar zai dafa shi, sai ya fasa, ya mayar da hannun cikin aljihu.

Hajiya da kanta ta kira 'yan sanda. Kafin su tafi da shi ta gaya wa babbansu cewa mutumin nan ba shi da lafiya, kuma za ta bi maganar har a haɗa shi da likita. A yammacin nan Asma'u ta kwance wayar da aka ɗaure ƙugiyar da ita, ta sa sabuwar ƙugiya, ta bi kowane hawa tana jijjiga ƙofa da ƙarfinta kafin ta kunna wuta.

*

Ranar Juma'a bayan an sauko, Malam Audu ya raka Baffa asibitin koyarwa. Baffa ya sayi lemo da ayaba a bakin ƙofa. Saratu na kwance, an ɗaure ƙafar da ƙarafa, mahaifiyarta na yi mata fifita. Likitoci sun ce za ta taka, amma ba yanzu ba, kuma wataƙila ba kamar da ba.

Ta amsa gaisuwar Malam Audu. Ta dubi Baffa ta daɗe.

"Baba, an ce ka san Ƙasimu ne."

"Ban sani ba, 'yata. Na dai yi zato."

"Ka yi zato, ka yi shiru. Ka yarda a kai ka a maimakonsa." Hawaye ya gangaro ta gefen idonta zuwa kunne. "Shi ɗanka ne, na sani. Ni fa? Kullum da safe ni ke kawo maka shayi a bencin nan. Da an kai ka, shi yana nan a sito, ni ina nan a kwance, shi ke nan an rufe magana?"

Baffa ya ajiye ledar lemon a bakin gadon.

"Ban yi tunaninki ba," ya ce a ƙarshe. "Shi kaɗai na gani, yana ƙarami. Ki yafe mini."

Saratu ta juya fuskarta bango. Mahaifiyarta ta ci gaba da fifita. Malam Audu ya taɓa hannun abokinsa alamar su tafi, amma Baffa bai motsa ba, yana tsaye a kan gwiwoyin da ba sa son tsayuwa.

Can, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Inna, ba shi kujera. Ba yau zan yafe ba, amma ya zauna."

Baffa ya zauna. Ya ciro lemo ɗaya, ya nemi aron wuƙa, ya fara ɓare mata.